Wanne Daga Ciki, Hoja?

Litinin, 9 ga Oktoba, 1989. Ankara.

Maɗaba'a ta aiko da shafukan gyara na bugu na talatin da ɗaya. Littafi na biyu ne, mai koren bango. Na zauna da jan biro tun bayan karin kumallo, kafin azahar na tsinci kurakurai goma sha huɗu, uku daga ciki a babin da'ira. A bango dai sunan nan ne da manyan haruffa, Farfesa Hulusi Tanyeri. Ni kuma ina shafi na biyu, can ƙasa, inda aka ajiye ni tun 1958: "Ina godiya ga N. Hanim da ta buga rubutun da keken rubutu cikin haƙuri." Cikin haƙuri. Ko sunan bai cika ba, Hanim ɗin ma "Malama" kawai yake nufi. Nezahat haruffa bakwai ne kacal, kuma takarda ba ta ƙare masa ba.

Yaya Saadet ta leƙo ta gan ni a duƙe, ta ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na ce mata ba kuɗin ne ke cin raina ba. Ta ce ta sani, shi ya sa abin ya fi zama wauta.

Alhamis, 12 ga Oktoba.

Muazzez Hanim, matar Farfesa Hulusi da muke kira Hoja, wato Malam, ta bugo waya. Rabon da in ji muryarta tun bikin jikarsu. An kwantar da shi a asibiti tun Lahadi, zuciya da ƙoda sun haɗu masa, likitoci sun fara magana ƙasa-ƙasa. Ya ce a kira masa mutane ɗaya bayan ɗaya ya nemi yafiya. Da hannunsa ya rubuta sunayen, wai ni ce ta uku. Ban tambayi su waye biyun farko ba, amma na so in tambaya.

Na ce Allah ya ba shi lafiya. Ban ce zan zo ba.

Asabar, 14 ga Oktoba.

Yaya ta hana ni shan shayi lafiya. Wai Allah kan yafe abin da ke tsakaninsa da bawansa, amma hakkin mutum sai mai shi ya yafe, in ba haka ba mamaci ya shiga kabari da shi a wuya. Sai ka ce ba uwa ɗaya ta koya mana ba. Wai tsoho mai shekara tamanin zan bari ya tafi da kaya.

Abin da nake so bai taka kara ya karya ba. Ya faɗa da bakinsa, ko da bango kaɗai ke ji, cewa ni na rubuta littattafan nan uku. Ya faɗa, in yafe, kowa ya huta. Shekara talatin da ɗaya nake jiran jimla guda.

Talata, 17 ga Oktoba.

Ana wata ga wata. Feridun Bey, shugaban sashen lissafi na jami'a a yanzu, ya zo har gida da kwalin alewa. Za su karrama Hoja ranar malamai, 24 ga Nuwamba, yana so in rubuta tarihin rayuwarsa in karanta, tunda wai ba wanda ya san shi kamar ni. Nan ya faɗi gaskiya. Na san lambar takalminsa, na san cokali nawa na sukari yake sha. Feridun ɗin nan ni na koya masa warware lissafin da yake taƙama da shi, lokacin yana ɗalibi mai gumi a tafin hannu. Yau ya harɗe ƙafa a kujerata yana ce mini "Malama, ke ce taskarmu."

Na karɓa. Ban san dalili ba. Wataƙila don bakina bai taɓa koyon ce wa mutanen sashen nan a'a ba.

Alhamis, 19 ga Oktoba.

Na fara tarihin. Abin haushin shi ne ba sai na yi ƙarya ba.

Ɗan mai gyaran tukwanen tagulla ne a wani ƙaramin gari kusa da Nigde. Wani mai duba makarantu ya same shi yana ɗan shekara goma yana koya wa malaminsa rabawa, ya kai shi makarantar kwana ta gwamnati. A 1930 aka tura shi Jamus. Ya dawo bayan shekara bakwai da digirin digirgir da kwat guda ɗaya, kwat ɗin da ya sa har na zo na same shi a jikinsa a 1953. Da ya so, da ya zauna can ya yi suna. Ya dawo saboda ya ce ƙasar da malaman ƙauyenta ba su iya kusurwa ba, ba za ta iya gina gada ba. Duk hutun bazara sai ya ɗauki jaka ya bi garuruwa yana koya wa malaman firamare, a jirgin ƙasa, a bayan babbar mota, wata rana ma a kan alfadari. Duk wannan zan rubuta. Abin da ba zan rubuta ba shi ne wa ke ɗauke da jakar.

Aikin mataimakiya ke nan a lokacinmu. Ki ɗauki jaka, ki goge allo, ki miƙe tsaye in ya shigo, ki yi tafiya taku biyu a bayansa. A 1955 ya ajiye mini wasu takardu shida na darasinsa ya ce, "Nezahat, ki ɗan tsara mini waɗannan, yaran sakandare ba su da littafin kirki." Takardu shida suka zama littafi uku, da aikin gwaji dubu da ɗari biyu, kowanne ni na ƙirƙira na warware. Shekara uku. Ya karance su a mako guda, ya canja kalma ɗaya a taken littafin, ya sa hannu. Da na yi ƙorafi a ɗakin mataimaka dariya suka yi mini. Suka ce haka ake yi, mataimaki ya rubuta, hoja ya sa suna, in yi haƙuri nawa lokacin na zuwa. Nasu ya zo, duk sun zama farfesoshi. Ni na bar jami'a a 1964 ba digirin digirgir, na koma makarantar 'yan mata har na yi ritaya.

Amma ban taɓa ganin malami irinsa a gaban allo ba, ba kuma zan gani ba. Yakan zana da'ira da hannu ɗaya yana magana, ka sa ma'auni ba ka samu aibu ba. In ɗalibi ya ce wasu lambobi suna yin kaza, sai ya ajiye alli ya ce, "Wanne daga ciki? Nuna mini. A lissafi ba a magana a dunƙule." Ina ƙin mutumin nan, kuma duk abin da na iya daga wurinsa na samo shi. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Lahadi, 22 ga Oktoba.

Na je. Da ban je ba.

Ɗakin cike, lokacin dubiya ne. Muazzez Hanim, 'yarsu, wani ɗan ƙanensa, da Feridun a tsaye jikin taga. Muazzez ta zuba mini turaren lemo a tafin hannu kamar kowane mai dubiya. Hoja ya rame, hancin nan nasa kawai ya rage. Tun a mota na yi wa kaina alkawarin ba zan sumbaci hannunsa ba. Yana miƙo shi na ga kaina na sunkuya na sumbata na kai goshi. Jiki ba ya manta bauta.

Ya tambayi Yaya, ya tambayi gwiwata. Sannan ya riƙe yatsuna ya ce, "'Yata, mun ci gishiri da burodi tare shekaru masu yawa. Tafiya ta zo. Ki yafe mini hakkinki."

Kowa ya san amsar, yaron goye ma ya santa: na yafe, kai ma ka yafe mini. Ana faɗa, a share hawaye, a kawo shayi. Na ga 'yarsa har ta ciro hankici. Ni kuwa sai na ji maganar ta yi mini faɗi da yawa, an kwashe shekara talatin an cusa a kalma guda ana so in sa hannu ban karanta ba. Na buɗe baki na ce, "Wanne daga ciki, Hoja?"

Feridun ya juya yana kallon titi. Hoja ya dube ni, ya daɗe, sannan ya saki hannuna ya rufe ido.

Muazzez ta ja ni waje. Ba ta ɗaga murya ba, ita ba ta taɓa ɗagawa. Ta ce, "Shekara nawa kika yi kina cin abinci a teburina, Nezahat? Mutum yana bakin kabari ki kafa masa jarrabawa? Wa kika taɓa ji an tambaya wanne? Je ki, Allah ya shirye ki."

Na tako da ƙafa har dandalin Kizilay a tsakiyar gari, gwiwar ma na manta da ita.

Litinin, 23 ga Oktoba.

Yaya ba ta yi mini magana. Ta ajiye mini miya a tebur kamar mai ajiye wa mage.

Juma'a, 27 ga Oktoba.

Labari ya zaga. Mutum huɗu sun bugo, duk tsofaffin ɗalibansa, kowa da wa'azinsa. Wata ma da ban gani ba tun shekara ashirin ta ce ta yi mamakin mace mai ilimi irina. Ba wanda ya tambayi me ya yi mini. Sun sani ai. Duk Ankara ta san wa ya rubuta koren littafi, abin da ba a yarda ba shi ne a faɗa.

Feridun ma ya bugo. Ya yi ta kewaye-kewaye, ƙarshe ya ce ganin abin da ya faru, zai fi kyau kada in hau dandamali ranar taron. Amma in aiko da rubutun, shi zai karanta, ba sai an ambaci wanda ya rubuta ba. Na yi dariya har sai da na zauna. Ya ce lafiya? Na ce lafiya lau, ka tabbata ɗalibin malaminka.

Na aika masa. Shafi tara.

Laraba, 1 ga Nuwamba.

Hayaƙin kwal ya rufe gari. Tari. Gyaran littafi ya kai babi na shida.

Litinin, 6 ga Nuwamba.

Yaya ta sauko, ta yi magana. Wai in je in ce sulɓin baki ne. Na ce ba sulɓi ba ne, ita ce tambaya ta farko ta gaskiya da na yi masa tun da na san shi. Ta ce to in rungume gaskiyata ta ɗumama ni, tunda kwal ya yi tsada.

Talata, 14 ga Nuwamba.

Bari in rubuta kafin in fara gyara wa kaina labarin.

Muazzez ta bugo da safe, murya a bushe. Yana son ganina ni kaɗai, ƙarfe biyu. A mota na yi ta maimaita amsata. Zai ce littafin, in ce na yafe Hoja, kai ma ka yafe mini. Har na tanadi hankici. Wawuya.

Ya sa ta fita ta rufe ƙofa. Ya ce, "Tambayarki ta yi kyau. Mako uku ina juya ta. Buɗe aljihun teburin nan."

Ambulan ne tsoho, ya yi ruwan ƙasa, da kan sarkin Suwizalan.

A Satumbar 1957 an yi taron masana lissafi a Istanbul. Aka ba ni minti goma sha biyar na gabatar da wani ɗan sakamako da na samu kan lambobin da ba sa rabuwa sai da kansu. Wani dattijon farfesa daga Zurich ta Suwizalan ya yi mini tambaya biyu, bayan taro ya biyo ni ya ce zai rubuto. Irin wannan wasiƙa ba a aika wa mataimakiya, hojanta ake aika wa, haka ladabi yake. Shekara guda na yi ina duban fuskar Hoja kowace safiya. Sau ɗaya na yi ƙarfin halin tambaya, ya ce Turawa haka suke, suna faɗa ne don kada mutum ya ji kunya. Na yarda. Na ce ashe aikin nawa bai kai ba. Na cusa takardun a murhu a hunturun 1959, ban sake taɓa bincike ba.

"A Nuwamban shekarar wasiƙar ta zo," Hoja ya ce. "Na amsa masa cewa kina shirin aure, kin bar bincike. Littafi na uku bai ƙare ba lokacin. In kin tafi, wa zai ƙarasa?"

Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Littafin fa?"

Ya dube ni da mamaki, kuma na san fuskarsa, mamakin gaske ne. Ya ce, "Wane littafi? Ai wannan haka ake yi, 'yata. Ni ma na yi wa malamina. Duk abin da ke ciki ni na koya miki." Ya huta, numfashinsa na fita da ƙyar. "Wancan ba ya wuyana. Wannan ne a wuyana. Kin tambayi wanne, na nuna miki. Yanzu ki yafe mini."

Na ce, "Sai na karanta tukuna."

Na sa ambulan a jaka na fito. Muazzez na zaune a benci tana duban bakina. Na wuce ta.

Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Ni na tambaya.

Alhamis, 16 ga Nuwamba.

Jamusancina ya yi tsatsa, sai da ƙamus. Shafi ɗaya da rabi ne. Gurbin karatu na shekara biyu dattijon ya ba ni, da ɗaki a gidan wata gwauruwa kusa da jami'a, har ya faɗi cewa ɗakin na kallon tabki. Ya ce in zo da takalmi mai ƙarfi. Akwai jimla guda da na fassara sau uku don kada in yi wa kaina son kai: ya daɗe bai ga hujja mai tsabta haka daga hannun mai shekara ashirin da bakwai ba.

Shirin aure. Ni da ko zobe ba a taɓa sa mini ba. Wanda ya so ni a lokacin, malamin kimiyya mai yawan dariya, na sallame shi ne saboda littafi na uku bai ƙare ba.

Littafin ya sace mini suna, wannan na sani na kuma iya zama da shi. Amma shekara talatin da biyu ina yawo da imanin cewa ban isa ba. Na faɗa wa ɗalibaina mata sau nawa cewa ni malamar aji ce kawai, ba mai bincike ba? Da murmushi nake faɗa, ina ganin tawali'u ne.

Na miƙa wa Yaya fassarar. Ta karanta ta cire tabarau, ta shiga kicin. Na ji tana wanke kwanonin da ta riga ta wanke.

Lahadi, 19 ga Nuwamba.

Kullum ƙarfe tara Muazzez take bugowa. Wai yana tambaya ko na karanta. Ita ba ta san mene ne ba, ta ɗauka wata takardar gado ce. Nakan ce ina kan karantawa.

Talata, 21 ga Nuwamba.

Ta ce ya daina cin abinci. Ta ce ta roƙe ni don darajar iyayena. Na ce gobe. Ban yi niyyar goben ba, na faɗa ne don ta ajiye waya.

Laraba, 22 ga Nuwamba.

Ya rasu da hantsi.

Juma'a, 24 ga Nuwamba.

Taron karramawa ya zama taron jana'iza. Yaya ta ce mutumin nan ko mutuwa sai da ya duba kalanda.

Aka fara kai shi jami'a, aka ajiye akwatin a babban zaure. A bakin ƙofa aka maƙala wa kowa ɗan hotonsa a ƙirji da allura, ni ma aka maƙala mini, ban hana ba. Feridun ya karanta shafukana tara. Ya iya karatu, ba laifi. Da ya zo wurin alfadari da malaman ƙauye, zaure ya ɗauki kuka. Wani tsoho da ya zo tun daga Sivas ya miƙe ya ce shi Hoja ya koya wa riƙe alli a 1949. Bayan an tashi na ji ana ce wa Feridun bakinsa ya yi albarka, ba a taɓa jin jawabi irin wannan ba. Ya dafa ƙirji yana sunkuyar da kai.

Daga nan masallaci, bayan sallar Juma'a. Ruwa da ƙanƙara a haɗe. Akwatin na kan dutse da koren mayafi, maza a sahu, mu mata a gefe jikin katanga. Muazzez ta ratso mutane ta zo ta tsaya a damana ta saƙala hannunta a nawa. Masu kallo za su ce zumunci ne. Ni na san kunnenta ta kawo kusa da bakina.

Liman ya juyo ya tambaya yaya muka san mamacin. Aka ce mutumin kirki ne. Wannan ban amsa ba, ban kuma ƙi ba. Sai ya ce, "Kun yafe masa hakkinku na duniya da lahira?"

Harabar ta amsa da murya ɗaya, mun yafe. Mutum sun fi dubu. Na rufe bakina.

Ya sake tambaya. Mun yafe. Na ji yatsun Muazzez sun shiga naman hannuna.

Kafin na uku ta ce a hankali, "Nezahat, don Allah. Shi ke nan fa, ba wani bayan wannan."

Ya tambaya na uku. Na kafa ido a kan koren mayafin, na tuna ɗakin da ke kallon tabki, na danne haƙorana har muƙamuƙina ya yi ciwo. Aka amsa, aka shafa fatiha, maza suka ɗaga akwatin. Ta zare hannunta daga nawa. Ta bi 'yarta.

Mutum dubu sun yafe abin da ba a yi musu ba. Mai hakkin mutum ɗaya ce a wurin, kuma ta yi shiru. Na yi abin da na yi niyya.

Asabar, 25 ga Nuwamba.

An aiko da alawar da ake tuƙawa a gidan mutuwa, faranti guda, daga gidansu. Ban sani ba ko Muazzez ce ta ce a kawo, ko dai sunana ne ke cikin jerin da aka saba. Ban taɓa ba. Yaya ta ci rabi ta ce an ƙona garin.

Laraba, 29 ga Nuwamba.

Ina jiran daɗin. Na ɗauka zan ji kamar an sauke mini kaya. Har yau ba abin da na ji sai ciwon muƙamuƙi.

Litinin, 4 ga Disamba.

Kwana uku na ture shafukan maɗaba'a gefe, na zauna ina neman hujjar nan ta 1957 daga ka. Na same ta yau da la'asar. Ta fi yadda nake tunawa ƙanƙanta, shafi biyu, kuma na tabbata wani ya sake gano ta tuntuni ya sa sunansa. Amma daidai take. Tsabtarta na nan. Dattijon bai yi ƙarya don ladabi ba.

A wani mataki na rubuta "a bayyane yake cewa", sai na ji muryar nan a bayan kunnena tana cewa in nuna. Na soke na nuna. Ko a kabari mutumin nan ba zai bar ni in yi aiki ni kaɗai ba. Na yi kuka, na farko tun da abin ya faru, kuma na haushi ne.

Asabar, 9 ga Disamba.

Muna tsince shinkafa Yaya ta yi magana ba ta dube ni ba. Ita da ta yi wata guda tana mini wa'azi, tun da ta karanta wasiƙar ba ta sake cewa in yafe ba. Cewa ta yi ita da za ta gan shi da ta tofa masa yawu. Sannan ta ce, "Amma abu ɗaya ke damuna. Wa ya san da wasiƙar nan? Baturen ya mutu, Muazzez ba ta sani ba, ke ba ki sani ba. Da ya ce miki littafin, ko da ƙarya, da kin yafe nan take ya tafi abinsa. Ya san haka sarai. Me ya kai shi?"

Na ce tsoron wuta. Ta ce wataƙila.

Ba tsoron wuta ba ne kaɗai, na sani. An yi masa tambaya ne, shi kuwa bai taɓa iya ba da amsar da ya san ba daidai ba ce a gaban allo. A ofis ya iya. Wannan bai wanke shi ba, ban ce ya wanke shi ba.

Alhamis, 14 ga Disamba.

Na fita sayen burodi bayan azahar. Hanyar ta bi ta gaban masallacin unguwa, ba ni na sa ta bi ta nan ba. Liman na tsaye yana kaɗe ƙanƙara daga takalminsa. 'Yarsa ta taɓa zama ɗalibata, ba ta da kai amma tana da ladabi. Ya gaishe ni, muka yi maganar sanyi.

Na ce wata ƙawata ce ta aiko ni da tambaya. An yi jana'izar wani da ya zalunce ta, zalunci ba ƙarami ba, aka tambaya sau uku ta yi shiru. Tana so ta sani, don sani kawai, ko ƙofar ta rufe ke nan tunda an binne shi.

Ya ce ƙofar ba a hannun mamaci take ba, a hannunta take, kuma a buɗe take muddin tana numfashi. Ba dole a kanta, hakkinta ne. Ranar da ta ga dama ta faɗa, ko a kicin ɗinta ne, za a ji. Na ce zan gaya mata, amma ban ga alamar ta shirya ba, mace ce mai taurin kai. Ya ce ba laifi. Ya ce kafin ta shirya, in ba ta ƙi ba, zai riƙa sa shi a addu'a ranar Juma'a, ta aiko masa da sunan mutumin da na mahaifiyarsa.

"Hulusi ɗan Zehra," na ce.

Ya ciro takarda ya rubuta, bai ɗago kai ba. Limamin nan mutumin kirki ne.

Ban ce na yafe ba. Suna aka tambaye ni, na faɗa, shi ke nan. Da na shigo Yaya ta tambayi me ya tsayar da ni, na ce layi ne a gidan burodi. Ta dubi hannuna. Ban sayo burodin ba.